Waterloo ko Toronto: ina ya fi dacewa da mai son karanta kimiyyar kwamfuta?

Duk shekara akwai ɗaliban da ke samun gurbin karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Waterloo da Jami'ar Toronto a lokaci guda, sai su rasa wadda za su ɗauka. Duka biyun suna lardin Ontariyo na ƙasar Kanada, tazarar da ke tsakaninsu kilomita 100 ce da 'yan kai, kuma kowane jerin manyan jami'o'in ƙasar ka duba a wannan fanni za ka tarar da su a sahun gaba. Shi ya sa jerin ba ya raba gardama. Inda suka rabu shi ne yadda kowacce ta tsara wa ɗalibi shekarunsa. Waterloo tana tura ka kasuwar aiki tun kana ɗan aji ɗaya, ko ka shirya ko ba ka shirya ba. Toronto kuwa tana ajiye ka kusa da manyan masu bincike da ɗaruruwan kwasa-kwasai, sannan ta bar ka ka nemi hanyarka. Wanda ya san halinsa sosai zai gane wanne daga cikin biyun yake bukata.

A fara da Waterloo, domin tsarinta ne ya fi bukatar bayani. An kafa ta a 1957, kuma tun ranar farko aka gina ta a kan abin da suke kira co-op, wato a riƙa gwama karatu da aikin albashi a kamfani. Shekararsu zango uku ce, kowanne wata 4: Satumba zuwa Disamba, Janairu zuwa Afrilu, Mayu zuwa Agusta. Ɗalibin da ke cikin wannan tsari zai yi zangon karatu 8, a tsakankaninsu kuma ya yi zangon aiki har 6. Idan ka haɗa, shekara 2 ke nan na aiki na gaske kafin ya karɓi digiri, amma digirin zai ci masa kusan shekara 5 maimakon 4.

A takarda abin yana da sauƙi. A aikace ga yadda yake. Yaro ya shigo jami'a, bai gama sanin hanyar ɗakin lakca ba, sai a ce ya shirya takardar bayanin kansa. Jami'ar tana da shafinta na guraben aiki mai suna WaterlooWorks, inda kamfanoni ke lika tallarsu. Zai zauna da dare bayan ya gama aikin gida na lissafi, ya bi tallace-tallacen ɗaya bayan ɗaya, ya tura takardarsa gomman wurare. Daga nan sai jira. Idan an kira shi ganawa, sau da yawa takan faɗo a makon da ake jarrabawar tsakiyar zango, ya fito daga ɗakin jarrabawa ya buɗe kwamfuta ya warware wa wani injiniya matsalar manhaja yana kallonsa. Bayan ganawa kamfani zai jera waɗanda ya fi so, ɗalibi ma ya jera kamfanonin da ya fi so, na'ura ta haɗa su. Wanda aka haɗa ka da shi, can za ka tafi. Janyewa bayan haka laifi ne da jami'ar ba ta ɗauka da wasa. Wanda bai samu ba ya shiga zagaye na gaba. Kuma wannan ba sau ɗaya ba ne, kusan kowane zangon karatu haka zai sake yi.

Amfanin wannan wahala ba boyayye ba ne. Wanda ya yi ganawar neman aiki tun yana shekara 18 ya sha ƙi, ya gyara, ya sake komawa, kafin ya kai ajin ƙarshe tsoron abin ya fita daga ransa. Ya ga yadda ake aiki a ƙaramin kamfani mai mutum goma, ya ga na banki, ya ga na babban kamfanin fasaha. Ya san yadda ake karanta manhajar da wani ya rubuta shekaru da suka wuce ba tare da bayani ba, ya san yadda ake karɓar gyara daga na gaba da shi, ya san abin da ake ji idan kuskurensa ya tsayar da aikin mutane. Babu lakcar da ke koyar da waɗannan. Abin da ya fi burge ni a tsarin ma shi ne damar gane abin da ba ka so da wuri. Mutum zai iya shiga jami'a yana mafarkin ƙera wasannin kwamfuta, ya yi wata 4 a irin wannan kamfani ya gano ba aikinsa ba ne, ya juya zuwa tsaron intanet ko rumbun bayanai, bai yi asarar komai ba sai wata 4, kuma an biya shi.

Sai dai kada a ɓoye kuɗin da ake biya da jiki. Babu dogon hutu. Daga zangon farko har ƙarshe, ko kana aji ko kana ofis. Kowane wata 4 kana iya tattara kaya, ka nemi wanda zai karɓi ɗakinka, ka nemi wani ɗakin a garin da aka tura ka. Abokin da kuka shaƙu a aji ɗaya yana iya kasancewa a wani jerin zango dabam, lokacin da kake makaranta shi yana aiki, ku yi shekara ba ku haɗu ba. Sannan akwai gasar da ba a rubuta ta a ko'ina ba amma kowa yana jin ta: wa ya samu wane kamfani, nawa ake biyansa. Ɗaliban suna da wata magana da suke yi, cewa ko Kalifoniya ko babu, domin burin da yawansu shi ne zangon aiki a manyan kamfanonin Amurka. Wanda zuciyarsa ke saurin karaya idan ya ga na kusa da shi ya wuce shi zai sha wuya a irin wannan wuri. Aikin farko ma sau da yawa ba abin alfahari ba ne, gwajin manhaja ne ko taimaka wa ma'aikata da matsalar kwamfuta, kuma tun da manyan kamfanonin fasaha suka fara rage ma'aikata a ƙarshen 2022 samun na farkon ya ƙara tsauri. Jami'ar tana buɗe maka ƙofa, ba ta yi alkawarin aiki ba.

Akwai wani abu da ɗalibin da ya zo daga wata ƙasa ya kamata ya sani game da hanyar Kalifoniya ɗin nan. Ɗan ƙasar Kanada yana da wata sauƙaƙƙiyar hanyar samun izinin aiki a Amurka bayan ya gama, ƙarƙashin yarjejeniyar kasuwanci tsakanin Kanada da Amurka da Meziko. Wanda ke riƙe da fasfon wata ƙasa da ba ta cikin yarjejeniyar ba ya cikin wannan. Don haka labaran da za ka ji na waɗanda suka gama Waterloo suka wuce kai tsaye San Faransisko, ka fara tambayar wane fasfo ke hannunsu kafin ka auna kanka da su.

Wasu na ɗauka tunda Waterloo ta shahara da aiki, karatunta ba shi da zurfi. Ba haka ba ne. Makarantar kimiyyar kwamfutarsu tana ƙarƙashin tsangayar lissafi, tsangaya ce sukutum da aka kafa a 1967, kuma ana jin wannan tun makon farko. Kwas ɗin farko, CS 135, da harshen rubuta manhaja na Racket ake koyar da shi, harshen da kusan babu kamfanin da zai tambaye ka shi, cike da baka-baka, inda ba a barin ka ka warware matsala ta hanyar da ka saba a sakandare. Manufar ita ce a tilasta maka tunani a kan tsarin matsalar kanta, kuma a daidaita wanda ya daɗe yana rubuta manhaja da wanda bai taɓa ba. Bayansa sai harshen C, sannan C++ a aji biyu, ga kwasa-kwasan aljabara da ake koyon kafa hujja a cikinsu. Makarantar tana ɗauke da sunan David Cheriton, tsohon ɗalibinta kuma tsohon farfesa a jami'ar Stanford ta Amurka, wanda yana cikin mutanen farko da suka zuba kuɗi a Google a 1998, ya kuma ba ta kyautar dala miliyan 25 a 2005. A Waterloo aka rubuta WATFOR, manhajar da ke fassara wa kwamfuta harshen Fortran, a 1965, a nan aka fara manhajar lissafi ta Maple a 1980, kuma ɗalibanta sun ci gasar rubuta manhaja ta jami'o'in duniya a 1994 da 1999.

Jami'ar Toronto tsohuwa ce, tun 1827 take, kuma girmanta ya ninka na Waterloo fiye da sau biyu: ɗalibanta sun doshi dubu 100, alhali na Waterloo dubu 40 ne da ɗoriya. Sashen kimiyyar kwamfutarta an kafa shi a 1964. Idan ana maganar tarihin fannin kansa, wato ra'ayoyin da suka sauya shi, Toronto tana gaba, kuma babu amfanin a yi kwana-kwana a kai. A nan Stephen Cook yake lokacin da ya fitar da aikinsa na 1971 a kan rukunin matsalolin da har yau ba a san ko kwamfuta za ta iya warware su cikin sauri ba, aikin da ya kai shi ga lambar yabo ta Turing, mafi girma a fannin kwamfuta, a 1982. A nan Geoffrey Hinton ya zauna tun 1987 yana bincike a kan tsarin da ke kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa, a shekarun da mafi yawan masana suka juya wa wannan hanya baya.

A 2012 ɗalibansa biyu, Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever, suka shiga gasar gane hotuna ta ImageNet tare da shi. Kayan aikinsu katin sarrafa hoto ne guda 2 na kamfanin Nvidia, irin wanda masu wasan kwamfuta ke saya, a cikin wata kwamfuta da ke ɗakin kwanan Krizhevsky a gidan iyayensa. Kuskuren tsarinsu ya tsaya a wajen kashi 15 cikin 100, na biye da su yana wajen kashi 26. Wannan tazara ce ta sa duniyar fasaha ta juyo gaba ɗaya zuwa hanyar da ta haifar da ƙirƙirarriyar basirar da ake magana a kai yau. Google ya saye ɗan kamfanin da su ukun suka kafa a 2013, Sutskever ya shiga cikin waɗanda suka kafa OpenAI, kamfanin da ya fitar da ChatGPT, a 2015, Hinton ya samu Turing ta 2018, sannan Nobel ta kimiyyar fiziks a 2024 tare da John Hopfield. A 2017 kuma aka buɗe cibiyar Vector a Toronto domin riƙe irin waɗannan masu bincike a ƙasar.

To, me wannan ke nufi ga ɗan aji ɗaya? A nan ne nake ganin iyaye da ɗalibai suka fi ruɗuwa. Hinton ya yi ritaya daga koyarwa, kuma waɗancan biyun ɗaliban babban digiri ne, ba 'yan digirin farko ba. Kai da ka shigo za ka zauna ne a ɗakin lakca mai ɗaukar ɗaruruwan mutane, mataimakin malami ne zai duba aikinka, farfesa ba zai san sunanka ba sai ka sa ya sani. Albarkar da ke Toronto ta gaske ce, amma tana bayan ƙofa, kuma ba za a zo a kira ka ba. Akwai shirin da ke ba 'yan aji biyu damar shiga binciken wani malami a matsayin kwas, akwai kwasa-kwasan aikin bincike a ajin ƙarshe, akwai guraben bincike na lokacin bazara. Wanda ke samun su shi ne wanda ya ci kwas ɗin malamin da kyau, ya je ofishinsa a lokacin da ya ware wa ɗalibai, ya karanta abin da ya wallafa, ya rubuto masa wasiƙa mai ma'ana, aka yi shiru, ya sake rubutawa. Aidan Gomez yana ɗalibin digirin farko a Toronto ne ya tafi horo Google, sunansa ya fito cikin mutum 8 da suka rubuta aikin 2017 da aka gina su ChatGPT a kansa, daga baya ya dawo Toronto ya kafa kamfanin ƙirƙirarriyar basira na Cohere da abokansa a 2019. Hanyar tana nan. Amma ga kowane mai irin wannan himma akwai da yawa da suka yi shekara 4 tsakanin ɗakin lakca da ɗakin karatu na Robarts, suka fita da digiri mai kyau, ba su taɓa magana da farfesa ba, ba su kuma taɓa aiki a kamfani ba. A Waterloo da wuya ka iya ɓuya haka, tsarin ba zai bar ka ba.

Inda Toronto ta yi wa Waterloo nisa ba tare da gardama ba shi ne faɗin abin da za ka iya haɗawa. A babban reshenta kimiyyar kwamfuta tana cikin tsangayar fasaha da kimiyya, inda aka yarda ɗalibi ya zurfafa a fanni ɗaya, ko ya ɗauki manyan fannoni biyu, ko babba ɗaya da ƙanana biyu. Kana iya haɗa kwamfuta da ilimin harsuna, ko ƙididdiga, ko tattalin arziki, ko falsafa, ko ilimin halittu. Jami'ar tana da makarantar likitanci da ta shari'a, waɗanda Waterloo ba ta da su, kuma manyan asibitocin koyarwa suna jere a titin da ke daf da harabar. Wanda ke sha'awar amfani da kwamfuta wajen karanta hoton asibiti, ko koya wa na'ura harshen da ba a rubuta shi da yawa ba, zai samu malamai a ɓangarorin biyu cikin tafiyar minti goma. Wanda kuma bai tabbata kwamfutar ce zai yi har abada ba, a Toronto sauya hanya ba ya nufin sauya jami'a.

Yanzu ga abin da nake roƙon kowa ya yi kafin ya saurari shawarar kowa, har da tawa: ka ɗauko takardun shiga biyun ka karanta su layi-layi. Sunan jami'a da ke saman takardar ba shi ne zancen ba.

Toronto rassa uku ce. Akwai St. George a tsakiyar birni, akwai Mississauga, akwai Scarborough. Digirin duk na Jami'ar Toronto ne, amma kowane reshe yana da nasa sashen, nasa dokokin, nasa yanayin, kuma mafi yawan ɗakunan binciken da suka yi suna a St. George suke. Sannan a Toronto shiga jami'a dabam, shiga fannin dabam. A ƙarshen aji ɗaya ne ake tabbatar wa ɗalibi fanninsa. Wanda aka ɗauka tun farko a rukunin kimiyyar kwamfuta na St. George zai yi kwasa-kwasan CSC110 da CSC111 da harshen Python, kuma idan ya kai makin da aka gindaya gurbinsa ya tabbata. Wanda aka ɗauka a wani rukunin, misali lissafi da kimiyya, yana mai fatan ya tsallako daga baya, zai yi takara ne a kan 'yan guraben da suka rage, kuma makin da ake nema a can yana da tsanani ƙwarai. Mississauga da Scarborough ma kowanne yana da nasa shingen a ƙarshen aji ɗaya. Kada wani ya ce maka ka shiga kawai daga baya a gyara. Mutane sun biya kuɗin shekara guda a kan wannan fata suka ƙare a fannin da ba shi suka zo nema ba.

A Waterloo idan takardar ta ce kimiyyar kwamfuta, to kana ciki tun ranar farko, abin da ya rage shi ne ka riƙe makinka. Wannan kwanciyar hankali ce babba. Amma nan ma akwai abu biyu da za a duba. Na farko, takardar ta ce da co-op ko babu, domin suna da tsarin shekara 4 na karatu zalla. Na biyu, jami'ar takan ba wanda bai samu kwamfuta ba gurbi a fannin lissafi a madadi, kuma sauyawa daga can zuwa kwamfuta yana da wuya kamar na Toronto. Akwai kuma injiniyancin manhaja, wanda shiri ne dabam da kimiyyar kwamfuta, tsangayar lissafi da ta injiniya ke gudanar da shi tare, kwasa-kwasansa a ƙayyade, zaɓi kaɗan.

Ba a ce Toronto ba ta da horon aiki ba. Tsangayar fasaha da kimiyya ta St. George tana da nata shirin, wanda ke kai ɗalibi ga horo mai tsawo na shekara guda ko fiye, reshen Scarborough kuma ya daɗe da nasa co-op. Dogon horo yana da nasa amfanin: wanda ya zauna shekara a kamfani ɗaya ana ba shi aiki mai nauyi, ya ga abin da ya gina ya kai hannun mutane, alhali ɗan wata 4 yana fara gane wurin ke nan lokacinsa ya ƙare. Illarsa ita ce idan wurin bai yi maka ba, ka kashe damarka mafi girma a kansa. Kuma birnin kansa kasuwa ce: manyan bankunan ƙasar, ofisoshin Google da sauran kamfanoni, da ƙananan kamfanoni bila adadin, duk jirgin ƙasa na cikin gari zai kai ka. Ɗalibi mai kuzari zai iya nemo wa kansa aikin bazara kowace shekara. Bambancin dai shi ne a Waterloo kamfanoni sun saba zuwa ɗaukar ɗalibai sau uku a shekara, har da lokacin sanyi da ɗaliban sauran jami'o'i ke aji, wanda hakan ke rage masu takara.

Batun kuɗi ba ya raba su kamar yadda ake zato, amma lissafin yana da lanƙwasa. Ɗalibin da ya zo daga waje yana biyan ninkin-ba-ninkin abin da ɗan ƙasa ke biya, kuma a duka biyun kuɗin makaranta kaɗai ya kai ko ya haura dalar Kanada dubu 60 a shekara. Hayar ɗaki a Toronto tana cikin mafi tsada a ƙasar; Waterloo ta fi sauƙi, ko da yake ita ma ta tashi. Albashin zangon aiki yana taimakawa sosai, ga ɗan ƙasa ma yana iya ɗauke kaso mai tsoka na kuɗin makaranta, amma ga ɗan waje kada a gina kasafi a kansa, musamman a shekara biyun farko da albashin bai taka kara ya karya ba. Akwai kuɗin shirin co-op da ake biya dabam, akwai kuɗin ƙaura, akwai ƙarin watannin da digirin ke ci. A ɓangaren tallafi Toronto tana da wani babba mai sunan Lester B. Pearson, wanda ke ɗauke kuɗin makaranta da littattafai da masauki na shekara 4, amma kusan mutum 37 kawai ake ba a shekara daga duk duniya, kuma sai makarantar sakandarenka ta gabatar da kai tun kafin lokacin neman shiga ya rufe. Dokokin shige da fice iri ɗaya ne ga duka biyun: tun Janairun 2024 Kanada ta ƙayyade yawan izinin karatu, ta kuma ɗaga kuɗin da ake so a nuna na ciyar da kai daga dala dubu 10 zuwa sama da dubu 20, kuma wanda ya gama digirin farko yana iya neman izinin aiki na har shekara 3. Waɗannan dokoki suna sauyawa da sauri a 'yan shekarun nan, don haka a duba shafin hukumar a ranar da za a yanke shawara.

Game da zaman gari ba sai an ja ba. Sanyin ɗaya ne. Toronto babban birni ne da kusan rabin mazaunansa a wata ƙasa aka haife su, baƙo ba ya jin shi kaɗai ne, amma ɗalibai da yawa daga gida suke zuwa su koma, wanda ke sa yin abokai ya zama aiki. Tsarin kwalejoji 7 da ake raba ɗalibai a cikinsu yana ɗan rage wannan. Waterloo ƙaramin gari ne da jami'o'i suka cika, kowa kusa da kowa, abin ɗauke hankali kaɗan.

Mai burin kafa kamfaninsa zai so ya san cewa dokar Waterloo ta bar wa wanda ya ƙirƙiri abu mallakarsa, jami'a ba ta karɓe shi, kuma tana da cibiyar renon ƙananan kamfanoni ta Velocity tun 2008. Mike Lazaridis ya bar karatu a can a 1984 ya kafa kamfanin da ya fitar da wayar BlackBerry, Vitalik Buterin na tsarin kuɗin intanet na Ethereum ma can ya fara kafin ya ajiye. A Toronto kamfanonin da suka fi fice daga ɗakin bincike suke fitowa, kamar Waabi ta farfesa Raquel Urtasun mai aikin manyan motoci masu tuƙa kansu.

Ra'ayina shi ne, idan takardun biyu cikakku ne, wato kimiyyar kwamfuta da co-op a Waterloo, da rukunin kimiyyar kwamfuta a St. George, kuma abin da kake so shi ne ka gama ka kama aikin rubuta manhaja, ka tafi Waterloo. Mafi yawan matasa ba sa neman aiki da kansu a aji ɗaya sai an tilasta musu, kuma wannan tilas ɗin ce dukiyar wurin. Idan kuwa abin da ke hana ka barci tambaya ce, kana son sanin dalilin da ya sa abu ke aiki fiye da ka ga ya yi aikin, ko kana son haɗa kwamfuta da wani fanni, kuma ka san kai mai ƙwanƙwasa ƙofa ne ba mai jira a kira shi ba, Toronto ta fi maka. Ka yi wa kanka adalci a wannan na ƙarshen. Ka duba shekarunka na sakandare: ka taɓa fara wani abu da babu malamin da ya sa ka?

Idan takardun ba cikakku ba ne, lissafin yana juyawa. Waterloo babu co-op a gefe guda, rukunin kwamfuta na St. George a ɗaya gefen, Toronto zan zaɓa, domin an cire wa Waterloo abin da ya bambanta ta. Kimiyyar kwamfuta a Waterloo ko da babu co-op, da wani rukunin da ba na kwamfuta ba a Toronto, Waterloo zan zaɓa, domin gurbin da ke hannu ya fi wanda za a yi takara a kansa. Wanda yake da co-op na Scarborough da lissafi zalla a Waterloo kuwa sai ya tambayi kansa ko zai ji daɗin digirin lissafi idan sauyin bai yiwu ba. Idan amsar a'a ce, ya ɗauki Scarborough.

Akwai hanya ta uku ga wanda zuciyarsa ta rabu tsakanin aiki da bincike. Zangon aiki 6 ɗin nan a digirin farko kawai ake samunsa, amma ɗakunan binciken Toronto sun fi buɗewa ne ga ɗaliban digiri na biyu da na uku. Don haka ana iya yin na farko a Waterloo a zo Toronto yin na biyu, ko na bincike zalla, ko wanda suke kira MScAC mai wata 8 na karatu da wata 8 na horo a kamfani. Mai wannan niyya ya sani tun wuri cewa masu tantance masu neman babban digiri sun fi ba da nauyi ga wasiƙar farfesan da ya ga aikin bincikenka a kan ta manajan kamfani. Waterloo ta yarda a yi zangon aiki a ɗakin binciken malami, kuma tana da guraben taimaka wa malamai da bincike a lokacin karatu. Albashinsu bai kai na kamfani ba, amma ya ware aƙalla zango ɗaya daga cikin 6 ɗin domin wannan, kuma ya yi shi kafin ajin ƙarshe, saboda wasiƙar ta kasance a hannu lokacin da ake karɓar takardun neman shiga a wajen watan Disamba.